Allon Saja a Kwanar Makaranta

Daga gida

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya a duk tashar da jirginku ya tsaya. Mu nan lafiya, sai kewa. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, idon ne dai yana nan yadda ka bar shi, haske da inuwa kawai take rarrabewa. Tana gaishe ka, kuma ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci. Na ce mata tun da aka haife ka ba a taɓa yin wannan tambayar an ji amsa mai tayar da hankali ba.

Ofishin kamfaninku sun ce sun isar maka da saƙon rasuwar Baba kana tsakiyar teku, don haka ba zan sake fama maka ciwo ba. Abin da zan gaya maka shi ne ya samu jama'a. Direbobin tasha sun ajiye motocinsu sun zo, malaman makaranta sun zo, har da wasu magidanta masu tumbi da ban taɓa gani ba, kowanne sai ya ce min ai Saja ne ya riƙa tsallakar da shi titi yana ɗan firamare. A asibiti ma, duk safiyar da ya farka, kafin ya nemi ruwa sai ya tambaye ni wa ya tsaya wa yara yau. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Tun da ya kwanta asibiti kwanar makaranta take babu kowa. Mutumin da tun da ya ajiye kakin soja bai yi fashin tsayawa a wurin nan ba, safe da lokacin tashi, da usur ɗinsa da rigar nan mai ruwan lemo da na ɗinka masa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Yanzu daga ƙofar shagona nake hango yara sun taru a bakin titi suna waige-waige. In na kasa jurewa sai in bar keken ɗinki in fita, amma wane direba ne zai tsaya wa tela da tef ɗin awo a wuya?

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya Manjo, shugaban ƙungiyarsu ta tsofaffin sojoji, ya zo gida da mutanensa, kowa da hularsa a karkace. Bayan gaisuwa ya sanar da Mama cewa za su kafa allon ƙarfe, babba, mai hoton Baba, a daidai inda yake tsayawa. Ya ce kai ka ɗauki nauyin komai, kun gama magana ta waya. A bakin Manjo na ji, Auta. Ina zaune a gidanmu ina jin labarin ƙanena a bakin baƙo, ina yaƙe kamar na sani.

Wannan ma na haɗiye. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne wurin. Titin nan a bayan katangar kantin magani yake lanƙwasawa, direban da ya taho daga kasuwa ba ya hango ƙofar makaranta sai ta 'yar kafar nan da ke tsakanin katanga da bishiya. A nan za a dasa allo. Ka nemi Manjo ka ce ya dakata. Wanda yake nan shi ya san kwanar nan, ka bar mana.

Yayarka

*

Daga cikin jirgi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da Mama. Yaya ƙafarta? Ni lafiyata ƙalau, sai zafin ɗakin inji. Ban samu takarda daga gare ki ba tukuna, an ce jakar wasiƙunmu tana jiranmu a tasha ta gaba. Na kira wayarki a tashar da muka tsaya ba ta shiga ba, kuma ba mu daɗe ba muka ɗaga. Da ma Baba ya ce maganar waya iska ke kwashewa, abin da aka rubuta shi ne magana.

Ranar da labarin rasuwar Baba ya zo, ina ƙasa ina canza wa inji mai, sai kyaftin ya aiko a kira ni. Ya gaya min a tsaye, ya dafa kafaɗata, ya ce in je in huta. Ina zan je, Yaya? Ruwa gaba, ruwa baya. Na koma na ƙarasa aikina, don kusa da inji ne kaɗai mutum zai yi kuka ba a ji shi ba. Ban ɗauki gawar Baba ba, ban zuba masa ƙasa ba, ban zauna kusa da Mama ba. Abin yana nan zaune a ƙirjina. In na rufe ido shi nake gani a bakin ƙofa yana goge mana takalman makaranta, yana faɗa wai ba ɗansa ba ne zai fita da takalmi kamar wanda ya dawo daga gudun hijira.

Shi ya sa da na samu Manjo a waya ya kawo maganar allo, na ce kar ya nemi kowa, ni zan yi. Na so ya zo miki a bazata, ki fito shago wata safiya ki ga Baba tsaye a wurinsa. Na ce a yi amfani da hoton nan na falo, wanda yake riƙe da bindiga, kuma a yi shi babba, kar a yi mana ƙaramin abu kamar tallan sabulu. Mutumin nan ya ba aikin soja ƙuruciyarsa, ya ba unguwa tsufansa. Duk wanda ya bi titin nan ya ɗaga kai ya san an yi mutum.

Abu ɗaya nake roƙo cikin kayansa. Ba na son agogo, ba na son lambobin yabon. Usur ɗin nake so. Ki naɗe min shi a tsumma ki aiko ta ofishin kamfani, zan rataye shi kusa da gadona.

Ƙanenki,
Auta

*

Daga gida

Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya, Mama ta ɗan yi mura amma ta warware. Takardarka ta iso, na karanta mata, na tsallake wurin kukan. Daga gani tawa ba ta same ka ba, mun yi saɓani a hanya, kuma aikin gama ya riga ya gama.

An kafa allonka. An yi taro, an kawo kujerun haya da lasifika, Manjo ya riƙe makirufo ya ƙi saki. A bakinsa na ji wai Baba shi kaɗai ya tare gada, abokan gaba suna jin sunansa suke jefar da takalma su ruga. Mama tana zaune kusa da ni, ta matso kunnena ta ce, "Wai wa ya sake rasuwa?" Kai ma ka sani, motar ɗaukar masu rauni Baba ya tuƙa tun shigarsa soja har fitarsa. Bindigar hoton nan aro ya yi wurin abokinsa ranar da mai hoto ya zo bariki, shi da bakinsa yake ba mu labari yana dariya, yana cewa ko harsashi babu a ciki. Mutumin da ya riƙa kwaso 'ya'yan mutane a bayan mota wuta na tashi, sai an yafa masa ƙarya sannan zai isa a yabe shi? Raina ya ɓaci ƙwarai, har na tashi kafin a gama.

Amma wannan ciwon zuciyata ne ni kaɗai. Ga na unguwa. Allon ya fi ƙofar shagona faɗi, ƙafafunsa gajeru, ya toshe 'yar kafar nan ruf. Shekaranjiya lokacin tashi wata motar bulo ta taho daga kasuwa, 'yan aji ɗaya suna tsakiyar titi. Ƙarar birkin har yanzu tana kunnena. Allah ya kiyaye ba ta taɓa kowa ba, sai jakar wata yarinya da ta faɗi, tayar gaba ta bi ta kai. Direban ya sauko, ya zauna a bakin kwalbati ya riƙe kai. Jama'a sun taso masa, shi kuwa abu ɗaya yake maimaitawa: "Wallahi ban gan su ba, hoton nan kawai na gani."

Na ɗauki jakar yadda take a murƙushe, na tafi ofishin ƙungiya na ajiye wa Manjo a kan tebur. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce direbobin zamani ne ba su da tarbiyya, kuma ba tela ce za ta koya wa soja yadda ake girmama soja ba. Na je wurin hedimasta, ya ce shi ba zai sa hannu a abin tsofaffin sojoji ba, yana da iyali. Na je ofishin masu kula da tituna, suka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Kowa yana tsoron hoto, ba mai tsoron mota.

Garin neman gira za mu rasa ido, Auta. Ka aika wa Manjo ya matsar da shi, ko jikin katangar makaranta ne. Usur kuwa yana nan a ƙusarsa bayan ƙofa. Mama takan shafa shi in za ta wuce, don haka ka ɗan yi haƙuri tukuna.

Yayarka

*

Daga cikin jirgi

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama. Ina lafiya.

Takardarki ɗaya ce ta same ni, ta farko, kuma na karanta ta har na haddace. "Wanda yake nan shi ya san kwanar nan, ka bar mana." Na gode. Da ma jira nake in ga ranar da za a faɗa min, ban dai zaci da bironki za a rubuta ba, tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Ni na zaɓi teku? Wa ya raka ni tasha, ya ɗora min jaka a mota da hannunsa, ya ce ba zan zauna gadin tsofaffi ba alhali ga aiki ya samu? Ba Baba ba ne? Ke kina nan, e, kin yi jinya, Allah ya saka miki, ba wanda ya isa ya ƙwace miki wannan. Amma kin samu riƙe hannunsa. Ni me na samu? Kyaftin da dafa kafaɗa. Yanzu abu ɗaya da na yi wa ubana da sunana, tun bai tsaya da ƙafarsa ba kin fara neman hanyar ture shi. Ina kike so a kai shi, bayan gida wurin igiyar shanya?

Kwanar nan ni ma a kanta na girma, ni ba baƙo ba ne. Direban da ya ga fuskar Saja a tsaye da kansa zai rage gudu, sun fi jin tsoronsa a kan fitilar titi. Manjo da mutanensa sun yi aiki da shi kafin a haife mu, sun san abin da ya dace da shi. Ke dai ki faɗi gaskiya, haushin ba a fara shawara da ke ba ne. Tun muna yara haka kike, in ba ke kika yanka ba to ɗinkin bai yi ba.

Kar ki taɓa allon nan, kar ki sa a taɓa shi. In kika yi, ni da ke sai dai gaisuwar Mama ta haɗa mu.

Auta

*

Daga gida

Auta,

Muna lafiya. Mama na gaishe ka. Wannan takardar taka ban karanta mata ba, na ce mata kana lafiya kana cin abinci.

Na taɓa shi. Kafin gargaɗinka ya iso na taɓa shi, kuma ko da ya riga isowa sai na taɓa. Bayan motar bulo, wani mai babur ya fito daga bayan allon ya bugi malamar aji biyu a gwiwar hannu tana tsallakar da yara. Tana asibiti ana ɗaure mata hannu na shiga wurin mai walda na kusa da shagona. Ya ce yana tsoron Manjo. Na ce masa 'ya'yansa a wace makaranta suke? Sai ya jawo injin yankan ƙarfe. Da rana tsaka muka yi, kowa na gani. Mun yanke ƙafafun daga ƙasa, direbobin tasha suka tallafe shi muka kwantar a kan barguna, ko ƙwarzane bai yi ba. Yana nan gida a jingine ƙarƙashin rumfa, na rufe shi da zane saboda rana.

Maganar kwana na yi maka, ta kwalta da katanga, kai ka ɗauke ta ka kai inda ke maka ciwo. Ban taɓa riƙe ka da rashin zuwanka ba, ko a zuciya. Amma tunda ka ce a kanta ka girma, bari in tuna maka. Ka tuna yadda Baba yakan tsuguna a bakin titin nan, babban mutum da furfura, gwiwoyinsa na ƙara, don ya ga abin da ɗan aji ɗaya yake gani? Ka tuna yadda yakan tare direban tasha ya ce ya matsa, ya zauna a kujerarsa ya zagayo kwanar da kansa, don ya ga abin da direba yake gani? Mutane suna dariya suna cewa Saja ya fara ruɗewa. A kan wannan kafar ya sa mai tireda ya matsar da rumfarsa, suka yi shekaru ba sa gaisawa. A kanta yake hawa tsani yana sassare reshen bishiyar nan duk lokacin da ya yi tsawo, har ranar da ya faɗo ya gurɗe ƙafa. Cewa yake shi direba ne, ya san abin da ido bai gani ba ƙafa ba ta taka masa birki.

Mutumin da ya ƙare tsufansa yana share wannan kafar, shi muka ɗauko muka toshe ta da shi. Da fuskarsa, Auta. Da a ce motar nan ta taka yarinyar, a ƙarƙashin hoton ubanmu za a ɗauke ta. Wannan ne girmamawar?

Manjo ya zo shago da yamma har yana haki. Ya ce na wulaƙanta kaki, na ci mutuncin mamaci, ya kira ni 'yar da ta sare ubanta. Wannan kalmar ta shige ni, ba zan ɓoye maka ba, da ya tafi sai da na rufe shago. Ya rantse shi da mutanensa za su riƙa tsayawa a kan guntayen ƙarfen nan kullum safe, cikin hulunansu, har sai na ba da haƙuri a gaban jama'a an mayar da allo. Na ce Allah ya ba su ƙafa.

In ka ga dama ka yanke gaisuwar. Ni dai ba zan daina rubuto maka ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Yayarka

*

Daga gida

Auta,

Sallama. Shiru dai. Ban sani ba ko jirgin ne bai tsaya ba, ko kai ne. Mama lafiyarta lau, amma ta fara tambaya, ni kuma ƙaryata ta kusa ƙarewa.

Ga labarin masu zanga-zanga. Sun cika alkawari. Washegari da sassafe sai ga su, Manjo a gaba, sauran a baya, wani da sanda, wani da kujerar roba saboda ciwon baya, lambobi a ƙirji. Suka jeru a inda allon yake suna fuskantar shagona, fuska a ɗaure. Ni kuma na buɗe ƙofa na hau keke ina taka shi da ƙarfi don su ji.

Abin da ba su kawo a ransu ba shi ne yara. Yaran unguwar nan tun da suka buɗe ido abu ɗaya suka sani, in ka ga tsoho da hular soja a kwanar nan, wurinsa za ka je ka tsaya. Kafin ka ce kwabo sun kewaye su. Manjo yana cikin yi wa masu wucewa bayanin laifina, hannu ɗaya a sama, sai wata 'yar mitsitsiya ta kama ɗaya hannun, ta tsaya tana kallon titi tana jira. Ya dube ta, ya dubi mutanensa. Ya ce mata shi ba wannan ya kawo shi ba. Yarinya ko gezau, ita ina ruwanta da abin da ya kawo shi. Ƙararrawar makaranta ta kaɗa. Sai na ga ya gyara hula, ya taka cikin titi ya ɗaga hannu, motoci suka tsaya.

Da ya dawo ya harare ni ya ce kar in ɗauka wani abu ne, zanga-zanga tana nan daram. Na ce ai na ga alama. Haka ake yi tun ranar. Sukan zo su yi fushi da ni, su tsallakar da yara, su koma su ci gaba da fushi. Har sun raba kwanaki a tsakaninsu, wai don kar zanga-zangar ta yi sanyi, kuma sun haɗa da lokacin tashi. Rannan na kama Manjo a tsugune a bakin titi yana leƙen kwana, da ya gan ni sai ya hau gyaran igiyar takalmin da ba shi da igiya. Maganar mayar da allo kuwa ya rage yin ta.

Sai dai muryarsa ba ta kai. Tsoho ne, ga tari, in manyan motoci suka taho ihunsa ba ya wuce gemunsa. Jiya wata tirela ta kusa wuce shi da hannunsa a sama. Ya sayo wani usur na roba a kasuwa, irin na wasan yara, direbobi ko waiwaye ba sa yi. Na Baba na ƙarfe ne, na bariki, kuma kunnen kowane direba a titin nan ya san shi.

Girman kai ba zai bar Manjo ya tambaya ba, ni ma ba don shi nake yi ba, har yanzu ban yafe masa kalmar nan ba. Na yi wa Mama maganar, ta ce Auta ya riga kowa tambaya, nasa ne. To naka ne. Na san shi kaɗai ka roƙa cikin kayan Baba, kuma na san ba ni da bakin roƙonka yanzu, amma ga shi ina yi. In ka ce a aiko maka, zan naɗe shi in kai ofishinku, ba zan ce uffan ba.

Yayarka

*

Daga cikin jirgi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ki gaya wa Mama ina cin abinci har mai girki yana ƙorafi. Injinmu ne ya lalace, muka yi zaman jiran kayan gyara a wata tashar da ba ta cikin hanyarmu, jakar wasiƙu kuma tana can wani wuri. Takardunki a haɗe suka zo min. Sai yanzu na karanta labarin jakar yarinyar nan, bayan na riga na aiko miki da abin da na aiko.

Har yanzu ina jin haushinki, kar ki ɗauka ya wuce. Mai walda ma ya riga ni sanin za a yanke allona. To na ɗanɗana, yanzu na san yadda kika ji da labari a bakin Manjo. Amma a jirgin nan akwai doka, komai tsadar kaya ba a jibga shi a gaba har ya tare wa matuƙi gani. Ko na mai jirgin ne sauke shi ake yi. Kullum a gabana ake yi, ban taɓa kawo kwanarmu a raina ba. Tsugunon Baba kuwa na tuna. Ni yake tsayarwa a gabansa ya ce in faɗi abin da nake gani, in na ce mota, sai ya ce wace iri, kuma daga ina na fara ganin ta.

Usur ɗin na so shi, Yaya, har na buga ƙusar da zan rataye shi. Amma me zai yi a nan? Wa zan tsayar, kifi? Ki ba Manjo. Ki gaya masa aro ne daga hannuna, ba kyauta ba, kuma ranar da ya sake kiranki da wannan sunan zan karɓi abina. Ki koya masa yadda ake busawa kar ya ɓata: gajeru biyu motoci su tsaya, ɗaya yara su taka, dogon nan kuma sai yaro na ƙarshe ya shiga get.

Allon a kai shi katangar makaranta ta ciki in hedimasta ya yarda. Bindigar dai a bar min ita a hoton, ko ta aro ce, ni da ita na girma. Kuma ki ɗinka riga mai ruwan lemo ɗaya ki ajiye, hutuna yana matsowa. Awona yana nan yadda kika san shi, sai dai ki ɗan ƙara a ciki.

Ƙanenki,
Auta

*

Daga gida

Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Takardarka ta zo, na karanta wa Mama duka, ban tsallake ko layi ba, har ta sa na maimaita wurin kifi.

Na kai wa Manjo usur, na faɗa masa sharuɗɗanka ban rage komai ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya ga inda haƙoran Baba suka cinye bakin, sai tari ya taso masa, wai hayaƙin motoci ne. Haƙuri bai ba ni ba, ni ma ban ba shi ba. Da na zo koya masa busawa ya ce shi aka yi wa fareti tun ba a haife ni ba. Ya busa, ya ɓata. Sai da na sa shi maimaitawa a gaban mutanensa, kuma ka yarda da ni ban yi saurin cewa ya iya ba. Allo yana jikin katangar makaranta ta ciki, yara suna sara masa in za su shiga aji.

Akwai abin da ni da kai duk muka manta. Dogon busan nan na ƙarshe ba na yara ba ne kaɗai. Shi Mama take jira duk safiya ta ɗora butar shayi, don kafin Baba ya tako daga kwana zuwa gida ruwa ya tafasa. Safiyar farko da Manjo ya busa shi na dawo gida ɗaukar zare, na same ta a kicin tana lalube. Ta kunna risho, ta ɗora buta, ta sauko da kofin nan nasa mai karyayyen hannu ta ajiye a tebur. Na tsaya a ƙofa ina kallonta.

Na ce, "Mama, Manjo ne fa."

Ta ce, "Na sani, ai ba ruɗewa na yi ba. Numfashinsa bai kai na babanku ba. Amma wanda ya tsaya a kwanar nan tun safe yana bukatar shayi. Je ki kira shi."

Ni, Auta. Ni aka aika in kira mutumin da ya ce na sare ubana. Na tsallaka titi raina a ɓace na faɗa masa, ya biyo ni kamar da ma jira yake. Ya cire hula a ƙofa, ya zauna a kujerar Baba, ya sha a kofin Baba. Mama tana zaune tana sauraron yadda yake kurɓa, ban ga fuskarta haka ba tun rasuwar. Da ya gama ya ajiye kofi ya ce sukari ya yi kaɗan. Ban ce masa komai ba, kuma ina so ka zama shaida.

Kullum yanzu sai ya zo. Rigarka na yanka ta, na ƙara a ciki fiye da yadda ka ce. Ka zo da wuri ka karɓi safiyarka, don in dai wani zai zauna a kujerar nan ya raina min sukari, gara ya zama kai.

Yayarka